Cinikin Biri a Sama: Marufi da Kwalliyar Hajar Intanet



Shugaban taro, shugabannin ƙungiya na yanzu da waɗanda suka gabata, malamanmu, yayyena da ƙannena ɗalibai, barkanmu da wannan rana. Waɗanda suka biyo jirgin ƙasa tun asuba cikin sanyin nan, sannunku da hanya.

Da aka ce in zo in yi magana kan sana'a a intanet, sai na roƙi arziki a bar ni in ɗauki gefe ɗaya kawai, domin fagen yana da faɗi, lokacin kuma kaɗan ne, ga shi ina jin ƙanshin abinci daga bayan ɗakin nan. Gefen da na ɗauka shi ne marufi: yadda ake naɗe haja a baje ta, alhali hajar ba ta da jiki. Ina nufin littafin da ake karantawa a waya, darasin bidiyo, zanen katin biki, manhaja, waƙa, har da rigar da yaro ke saya wa ɗan wasansa a cikin wasan kwamfuta. Na san a cikinku akwai masu niyyar sayar da irin waɗannan. Wanda ba shi da niyyar sayarwa kuma, to yana saye, ko ƙaninsa yana saye da katin bankinsa bai sani ba.

Bari in fara da abin da kusan duk mun taɓa riƙewa. Wanda ya yi wayo a shekarun farko na wayar salula a Najeriya, wato daga 2001 zuwa sama, zai tuna katin waya. Ka je wurin mai laima a bakin titi, ka miƙa kuɗi, ya ba ka ɗan kati mai sheƙi, ka sa farce ko kwabo ka kankare, lambobi su fito. To me ka saya? Lambobin nan ne kawai. Katin kuwa, kana gama lodawa sai ka yar a kwata. Amma duk da haka kamfanoni suka buga shi da launinsu da tambarinsu, suka lulluɓe lambar da wancan abin kankarewa. Dalili shi ne wannan lulluɓin shi ke gaya maka babu wanda ya riga ka amfani da lambar. Da mai laiman ya rubuta maka lambobin da biro a bayan takardar ƙosai, lambobi ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne, amma da ba ka tashi daga wurin ba sai ka ga sun shiga. Aikin marufi ke nan tun asali: ya sa mai saye ya saki kuɗinsa hankali kwance.

A kasuwa ta zahiri marufi yana da mataimaka. Hajiya ta shiga Kantin Kwari, an jawo mata atamfa, za ta murza ta, ta duba bakinta, ta ɗaga ta a haske. Mai kilishi zai yago maka ɗanɗano. Mai sayen rago zai ɗaga shi ya ji nauyi, ya buɗe baki ya duba haƙora. Ko leda ta yi ƙarya, hannu zai tona mata asiri. A intanet hannu ba ya kaiwa. Mutanenmu suna cewa ba a cinikin biri a sama, ga shi kuma zamani ya kawo mu kasuwar da duk birran da ke cikinta a kan bishiya suke. Abin da mai saye yake da shi kafin ya biya bai wuce hoto ɗaya ba, da suna, da 'yan layukan bayani, da farashi. Saboda haka a wannan kasuwa marufi ya tashi daga ado, ya koma alkawari. Wannan ita ce maganar da na zo da ita yau, sauran duk misalai ne.

Mu soma da hoto, tunda shi ido ke fara sauka a kai. Kuskuren da na fi gani wurin 'yan uwanmu shi ne a zana bangon littafi ko na darasi a kan babban allon kwamfuta, a cika shi da rubutu: sunan littafi, ƙaramin suna, sunan marubuci da digirorinsa uku, lambar waya, ga furanni a kowace kusurwa. A allonka ya yi kyau. Amma mai saye a waya zai gan shi, yana cikin adaidaita sahu, hoton bai fi kan sarki girma ba. Yaran da ba su san kan sarki ba su tambayi na kusa da su. YouTube yana ba da shawarar a ɗora babban hoton fuskar bidiyo, Apple yana karɓar tambarin manhaja a 1024 kowane gefe, amma dukansu idan suka iso idon mutum sun ƙanƙance sun koma kamar babban yatsa. Don haka kafin ka saki bango, tura shi wayarka, ka miƙa hannu nesa, ka duba. In ba ka iya karanta sunan ba, babu wanda zai iya. Cire rabin abin da ke kai. Digirorinka su koma shafin ciki, ba za su gudu ba.

Manyan kamfanoni ba da wasa suke ɗaukar wannan ba. Netflix da kansa ya bayyana a 2017 cewa fim ɗaya yana da hotuna daban-daban, kowane mai kallo da wanda ake nuna masa. Misalin da suka bayar shi ne fim ɗin Good Will Hunting: mai yawan kallon finafinan soyayya za a nuna masa Matt Damon da Minnie Driver, mai son barkwanci kuma a nuna masa Robin Williams. Fim bai canza ba, leda ce ake sauyawa gwargwadon mai saye. Dabara ce mai kyau, amma tana da gefen rami. A 2018 wasu baƙaƙen fata masu kallo suka yi ƙorafin ana nuna musu hotunan 'yan wasa baƙaƙe a fuskar finafinan da waɗannan 'yan wasan ba su fi 'yan mintoci a ciki ba. Kamfanin ya ce ba ya tambayar kowa launin fatarsa, tarihin kallo kawai yake dubawa. Ko ma yaya ne, mutum ya danna yana zaton abu, ya tarar da wani. Mu da muka tashi da littattafan Hausa masu hoton jarumar fim ɗin Indiya a bango, alhali labarin a Fagge ya faru, mun san wannan salon tun kafin Netflix.

Tunda na ambaci marubutanmu, bari in ba su haƙƙinsu, domin sun gano abin da mutane da yawa masu digirin kasuwanci ba su gano ba. Matan da ke sayar da labarai a zaurukan WhatsApp sukan saki shafukan farko kyauta, mutum ya karanta, labari ya kama shi, daidai inda aka zo gaɓar da ba ka iya barci sai a ce daga nan sai a biya. Wannan shi ne ɗanɗanon mai kilishi. Amazon ma haka yake yi, yana barin ka karanta farkon littafi kafin ka saya. A ganina ɗanɗano ya fi kowane hoto da kowane kirari ƙarfi, domin shi kaɗai ne ke sauko da birin ƙasa a duba shi. In kana sayar da darasi, saki darasi ɗaya cikakke, kuma kada ya zama wanda ya fi duk sauran kyau. Sharaɗin ɗanɗano ya fito daga cikin kilishin da za a naɗe maka, ba daga wani faranti na musamman da aka ajiye a gefe ba.

Akwai kuma wani ɓangaren marufi da ake mantawa da shi, wanda yake zuwa bayan an biya kuɗi. A nan zan tona wa kaina asiri. Bayan na gama karatu na haɗa wani ɗan littafi da Hausa kan yadda ake rubuta takardar neman tallafin karatu. Na ɓata makonni a kan bango, na yi talla, mutane suka saya. Kwana biyu sai ga saƙo daga wani bawan Allah: “Malam, littafin yana da kyau, amma akwatunan nan na mene ne?” Na ce waɗanne akwatuna? Ya turo hoto. Ashe salon rubutun da na zaɓa don ya yi kyau ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. A kwamfutata komai lafiya, a wayarsa kuwa duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suka fito sai ɗan akwati. Kalmar ɗalibi ta koma akwati da alibi. Ba a nan abin ya tsaya ba. Na tsara shafukan gida biyu kamar jarida, don haka a waya sai mutum ya yi ta ja hagu da dama. Na cika shi da manyan hotuna har ya yi nauyi, mutumin da ke lissafin datarsa megabait-megabait ya sha wuya kafin ya sauke. Sunan fayil ɗin kuma, Allah ya yafe mini, “gyara na ƙarshe na ƙarshe 3”. Abin da ke ciki daidai yake, ban canza ko layi ɗaya na shawarwarin ba da na sake fitar da shi. Amma mutumin da ya biya kuɗinsa ya buɗe ya ga akwatuna, ya riga ya yanke hukunci a kaina, kuma yana da gaskiya. Sai da na bi kowa ɗaya bayan ɗaya da sabon kwafi da ban haƙuri.

Tun daga ranar ba na sakin komai sai na buɗe shi a tsohuwar waya mai arha, irin wadda ƙanwata take riƙewa a gida. Mu da ke zaune a nan intanet ɗinmu ba ya yankewa, wayoyinmu sababbi ne, sai mu manta kwastomanmu yana Gusau ko Maraɗi ko Kumasi.

To wannan na mai gaskiya ne da bai iya naɗi ba. Yanzu mu juya ga wanda ya iya naɗi fiye da kima.

Malamanmu suna kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin sai ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, aka kuma yi gargaɗi mai tsanani kan algus. Abin lura a wurina shi ne a wancan cinikin akwai damar a zura hannu. A namu babu. Wato nauyin da ke kan mai sayar da hajar intanet ya fi na mai kwandon tumatir, domin shi kaɗai ya san abin da ke ƙasan kwandon.

Duk wanda ke wasa a waya ya ga tallar nan ta wani mutum da ruwa ko wuta ke shirin cinye shi, ana so ka zare ƙusoshi a jere ka cece shi. Ka sauke wasan, ka tarar da wani abu daban, wasan jera abubuwa masu kama da juna. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar nan, ASA, ta hana irin wannan talla na wasannin Homescapes da Gardenscapes na kamfanin Playrix, saboda abin da ake nunawa ɗan ƙaramin yanki ne na wasan, ba shi ne ainihinsa ba. Kafin nan, a 2016, an yi hayaniya kan wasan No Man's Sky wanda wani ƙaramin kamfani a nan Ingila ya yi, mutane suna cewa abin da suka gani a bidiyon talla ya fi abin da suka samu. ASA ta bincika ta wanke kamfanin. Amma a shekarar ce Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya gaya wa masu ɗora wasanni cewa hotunan da za su sa a shafinsu su zama daga cikin wasan aka ɗauke su, ba zanen mai zane ba. Steam kuma yana da ƙa'idar mayar da kuɗi in ka nema cikin kwana 14 kuma ba ka buga wasan ya kai awa biyu ba. In ka duba da kyau, wannan ƙa'idar hannu ce aka ba mai saye ya zura cikin tarin.

Wanda ya fi damuna shi ne inda ake yi wa farashi kansa marufi. A wasan Fortnite ba a ce maka riga fam kaza ce. Sai ka fara sayen kuɗin wasan, V-Bucks, sannan ka sayi rigar da su. Da zarar kuɗi ya sauya suna ya sauya launi, zafin fitar da shi yana raguwa, musamman a wurin yaro. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan, ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC. Dala miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane ne, bisa zargin an tsara maɓallan wasan ta yadda taɓawa ɗaya cikin kuskure sai ta zama saye. Sai kuma akwatin sa'a, wanda za ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, a buɗe maka shi da walƙiya da kiɗa da jan rai. A nan kam marufin ne gaba ɗaya hajar, buɗewar ake sayar maka. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni, ciki har da FIFA 18 da Overwatch, caca ce. Ni ba malami ba ne, amma duk wanda ya zauna gaban malami aka karanta babin ciniki ya ji kalmar garari, wato sayen abin da ba a san ko mene ne ba. Ga malamai nan a gaba, su ne da fatawa. Ni dai shawarata ga masu ƙanne da 'ya'ya a gida, a cire katin banki daga na'urar wasan yara tun yau.

Har kalmar “saya” da ke kan maɓalli marufi ce. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane ya goge littafin 1984 na George Orwell da suka biya kuɗinsa, saboda wanda ya ɗora shi ba shi da izinin sayarwa. An mayar musu da kuɗi, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri, amma mutane sun gane abin da suke riƙe da shi aro ne mai tsawo. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa masu irin wannan kasuwa su faɗa a fili cewa lasisi ake sayarwa. Kai ma da kake sayar da zanen katin biki ko darasi, faɗa wa mai saye: nasa ne har abada ko na wata shida? Zai iya bugawa ya sayar? Zai iya tura wa abokinsa? Layi biyu ne, amma suna kashe rigimar wata guda.

Ga masu saye a nan Birtaniya, doka tana bayanku fiye da yadda kuke zato. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ambaci hajar intanet da sunanta: dole ta kasance mai inganci, ta yi aikin da aka saye ta dominsa, ta kuma zo daidai da yadda aka siffanta ta. In ba haka ba kana da haƙƙin a gyara ko a sauya maka, in hakan ya gagara a rage maka kuɗi. Ku lura da na ukun nan, yadda aka siffanta ta. Bayanin da ka rubuta a ƙarƙashin hoto, ranar da rigima ta tashi, da shi za a kama ka. Akwai kuma damar fasa ciniki cikin kwana 14 a sayayyar intanet, sai dai ga hajar da ake saukewa wannan damar tana faɗuwa da zarar ka amince a fara saukewa nan take. Ɗan akwatin nan da muke dannawa ba mu karanta ba, sau da yawa abin da yake cewa ke nan.

Wata magana kuma da ba zan sauka ban faɗa ba, ko da ta ɗan kauce. Wanda yake nan da bizar ɗalibi, ƙa'idar bizarsa ta hana shi sana'ar kansa. An yarda ya yi wa wani aiki na awoyin da aka ƙayyade, amma buɗe shago, ko da a intanet ne, wani abu ne daban. Kada jawabina ya zuga wani ya je ya jefa karatunsa cikin matsala saboda littafin fam biyar. Je ofishin masu ba ɗaliban ƙasashen waje shawara a jami'arka ka yi tambaya kafin ka karɓi ko sisi. Kafin lokacin ya yi, babu dokar da ta hana ka koyon zane, ka rubuta littafinka ka ajiye, ka gwada bangonsa a wayoyin abokai.

In kuma ka zo rubuta bayanin hajarka, ga abin da nake yi, wanda ya so ya ɗauka. Nakan rubuta wa wanda abin ba zai yi wa amfani ba layi ɗaya. A littafin nan nawa na akwatuna, da na sake fitar da shi, na ƙara cewa wanda ya riga ya taɓa samun tallafin karatu kada ya saya, babu sabon abu a ciki gare shi. Wani abokina ya ce ina korar kasuwa da hannuna. Wataƙila na kori mutum biyu ko uku. Amma saƙonnin neman a mayar da kuɗi suka tsaya, kuma yawancin waɗanda suka zo daga baya cewa suke wane ne ya turo su.

Shugaban taro yana ta duba agogo, na gani. Masu bango ko tambarin da suke so a duba, ku same ni bayan sallah da wayoyinku, ba da kwamfuta ba, mu miƙa hannu nesa mu gani ko ana iya karantawa.